Bayan murar hunturu: yadda aka gano kumburin tsoka a jikina

Ciwon da nake fama da shi sunansa damatomayosaitis: kumburin tsoka da fata, wanda garkuwar jikin mutum ce da kanta take haddasawa. Ni malamar sakandare ce a Kano, ilimin halittu nake koyarwa, kuma kowace shekara sai na tsaya gaban allo na yi wa 'yan aji biyar bayanin yadda jiki yake bambance nasa da baƙo. Wannan bai hana a yi watanni ana yawo da ni daga kemis zuwa asibiti ba kafin wani ya ambaci sunan ciwon. Tun daga nan tambaya ɗaya 'yan uwa da abokan aiki suke yi mini: "Wai murar nan da kika yi ce ta jawo miki?" Ni ma da ita na ishi likitoci. Amsar ba a zama ɗaya na same ta ba, a hankali ta riƙa fitowa, gwaji bayan gwaji.

A ƙarshen 2021, tsakiyar hunturu, mura ta kwantar da gidanmu. Zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, tari, ciwon jiki ko'ina. Lokacin ne nau'in korona da ake kira Omicron yake yawo a Najeriya, amma ba wanda ya je gwaji a cikinmu. Aka sha farasitamol da maganin maleriya, aka dafa citta da kanumfari da lemon tsami, kowa ya miƙe. Ni ma na miƙe, da aka dawo hutu na koma aji.

Bayan 'yan makonni sai na lura tashi daga sujada ya zama aiki. Sai na dafa ƙasa da hannu biyu, na dafa gwiwa, sannan na miƙe. Banɗakin tsuguno ya fi ƙarfina. In zan hau a-daidaita-sahu sai na sa hannu na ɗago cinyata. A aji rubutuna ya riƙa saukowa ƙasa-ƙasa a kan allo don hannuna ba ya kaiwa sama, ɗaurin ɗankwali kuwa sai na huta a tsakiya. Abin da ya rikita kowa shi ne ba na jin wani ciwon kirki, kuma yatsuna garau: ina riƙe biro, ina yanka albasa, ina buɗe kwalba. Wanda ya gan ni a zaune ina hira ba zai ce ga abin da ke damuna ba. Ashe tambarin ciwon ke nan. Tsokokin da ke kusa da gangar jiki yake kamawa, cinyoyi da ƙugu da kafaɗu da wuya, dama da hagu daidai wa daida. A gida kuwa kasala aka ce.

Fata ma ta nuna alama tun da wuri, ba a dai karanta ta daidai ba. Fatar idona ta kumbura ta yi duhu, gaɓoɓin yatsuna suka yi baƙi da ɗan ɓawo a kai, kaina yana ƙaiƙayi ba ƙaƙƙautawa. Duk macen da ta taɓa zama a ɗakin malamai ta san abin da ake cewa in an ga baƙin gaɓoɓin yatsu: man bilicin. Wata abokiyar aikina ta ja ni gefe, da zuciya ɗaya, ta ce, "Malama, ki bar man nan haka." Littattafan likitanci da ja ko shunayya suke siffanta ƙurajen, domin a farar fata aka fara ganinsu, na gaɓoɓin yatsun ma sunan wani likitan fata Bajamushe, Heinrich Gottron, suka ci. A baƙar fata duhu kawai ake gani, kuma kafin a kai ga wannan ciwo an ba duhun fuskar mace fassara iri-iri.

Hanyar da kowa ya sani na bi: maleriya, taifot, ƙarin ruwa, maganin ƙarin jini. A wani ƙaramin asibiti aka yi gwajin hanta, aka ga sinadaran da ake aunawa a jini, AST da ALT, sun hau, aka ce ciwon hanta ne, aka hana ni mai da nama. Sai da wani matashin likita ya ture takardun gefe ya ce, "Hajiya, zauna a ƙasa ki tashi ba tare da kin dafa komai ba." Na kasa. Ya ce in kwanta rigingine in ɗago kaina, ya ɗora yatsa biyu a goshina. Yatsa biyun nan suka fi ƙarfin wuyana. Ya rubuta gwaji ɗaya tak, CK.

CK sinadari ne da ke zaune cikin ƙwayoyin tsoka, sai sun fashe yake malalowa cikin jini da yawa. Takardar ɗakin gwajin ta sa iyaka wajen 200, nawa ya haura 4,000. Baƙar fata, musamman maza, dama nasu yakan ɗara na Turawa ko suna lafiya ƙalau, shi ya sa ɗan hawa kaɗan ba ya tayar da hankalin likitan da ya san aikinsa. Amma ninki 20 ba zancen launin fata ba ne. Su kuma AST da ALT ɗin da aka ɗora wa hanta laifinsu, a tsoka ma akwai su. Hantata lafiyarta lau, a banza na yi ta cin miya lami.

Takardar turawa ta kai ni asibitin koyarwa, wajen likitar gaɓɓai da cututtukan garkuwar jiki. Masu wannan fanni ba su da yawa a ƙasar nan, ranar ganinsu sai an yi sammako. Ta gwada ƙarfin kowace gaɓa, tana dannawa ina turewa, tana ba da maki bisa 5. Ta ɗiga mai a gindin faratana ta duba da gilashi, ta ce ƙananan jijiyoyin jinin wurin sun buɗe sun karkace. Ta daɗe tana sauraron bayana. Sai tambayoyi. Ruwa yana sarƙe ni? Yana yi, wani lokaci har ta hanci yake fitowa, loma kuma tana tsaya mini. Ina haki in na yi tafiya? Fitsarina ya taɓa yin kalar shayi? Ina shan maganin rage kitsen jini, wanda shi ma yana iya taɓa tsoka? Na yi wata rashin lafiya kafin abin ya fara?

Da na ba ta labarin murar sai na ga ta rubuta. Na yi caraf na ce, "Dakta, ashe ita ce."

Ta ce, "Malama, na rubuta ne don da yawanku da irin wannan labarin kuke zuwa. Amma faɗa mini, wa ya fita hunturun nan bai yi mura ba?"

Tambayar nan ita ce ƙashin bayan matsalar binciken gaba ɗaya. In ka tambayi mara lafiya ko ya yi zazzaɓi kafin ya kwanta, zai tono ya samo maka. Maƙwabcinsa mai lafiya ma ya yi, ba wanda ya tambaye shi ne kawai.

Ta juya bayan takarda ta raba mini abubuwan da mutane suke haɗawa. Akwai ciwon jikin da kowa yake ji lokacin mura; sinadaran da jiki ke fitarwa don yaƙar bairos ne suke sa shi, tsoka ba ta lalace ba, zazzaɓi na sauka yake tafiya. Akwai kumburin tsoka na ɗan lokaci da ke bin sawun wasu bairos kai tsaye. An fi ganinsa a yara maza bayan infuluwenza nau'in B: yaro ya warke daga mura, ya wayi gari sha-raɓarsa na ciwo, ya ƙi takawa ko ya riƙa ɗage dunduniya yana tafiya a kan yatsu, CK ya hau, iyaye su firgita su ɗauka shan inna ne, cikin kamar mako guda ya ware da kansa. Sai kuma irin nawa, wanda ba ya tafiya da kansa, domin ba baƙo ake yaƙa ba, jiki ne yake kai wa ƙananan jijiyoyin jininsa da tsokarsa da fatarsa hari. Abin da masana suke bi shi ne ko bairos yana iya kunna wannan na ƙarshen, ya tafi ya bar shi yana ci.

"Tunda ke malamar kimiyya ce, ba sai na yi miki tatsuniya ba," in ji ta. "Kin san yaran da ciwon maƙogwaro yake lalata wa ƙofofin zuciya?" Na san su. Bakteriyar da ke kawo ciwon tana da furotin mai kama da na zuciya, makamin da jiki ya ƙera dominta, wato antibodi, sai ya kama zuciya bayan ita ta daɗe da tafiya. A kumburin tsoka ma ana zargin irin wannan kamanceceniya. Wata hanyar kuma ita ce bairos ya fasa ƙwayoyin halitta, abin da ke ɓoye a cikinsu ya fito fili daidai lokacin da garkuwa take a fusace, ta ɗauke shi abokin gaba.

Sai jerin gwaje-gwaje, kuma a nan ne bairos ya shigo maganar da gaske. Na farko a takardar HIV ne, sai ciwon hanta nau'in B da C. Maigidana ya karɓi takardar a mota ya yi shiru, sai da muka kusa gida ya ce, "Wannan na farkon fa, me ya kawo shi?" Da muka koma ya tambaya da bakinsa. Likitar ta ce, "Alhaji, kowa nake yi wa, ko limamin unguwarku ne." HIV yana cikin 'yan bairos ɗin da alaƙarsu da kumburin tsoka ba ta da tantama. Wani lokaci ma raunin tsokar ne abin da ke fara kai mutum asibiti, kuma tsohon maganinsa, AZT, shi ma yana raunana tsoka ta wata hanyar daban. Haka ɗan uwansa HTLV-1, wanda ya yi yawa a kudancin Japan da Jamaika, kuma akwai shi a Afirka ta Yamma. Abin lura, ko a waɗannan biyun, da aka duba naman, a cikin ƙwayoyin garkuwar da suka yi dafifi a wurin aka samu bairos ɗin, ba a cikin zaren tsokar ba. Wato har a nan garkuwa ce mai ɓarnar.

Ɗaya dalilin shi ne maganin da za a ba ni danne garkuwa zai yi. Mai ɗauke da bairos ɗin hanta nau'in B yana iya yin shekaru bai sani ba, garkuwarsa ta tsare shi; ranar da aka danne ta sai ya farfaɗo, har ya iya kassara hanta. Babban binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da shi, don haka wannan ba gwajin cika takarda ba ne. Wanda aka samu da shi sai an haɗa masa da maganin bairos ɗin, irin su tenofobir. Haka hoton ƙirji: ana neman tarin tibi da ke kwance, ana kuma neman tabon huhu, don ciwon yana taɓa huhun wasu, kuma wannan yana cikin abin da ya fi kisa a cikinsa. Nawa duk suka fito lafiya. Maigidan ma ya miƙa hannu aka ɗebi nasa, tunda ya zo.

Gwajin lantarkin tsoka ba shi da daɗi amma ba ya daɗewa. Siririyar allura ake sokawa cikin tsoka, na'ura tana ƙara, a ce ki saki jiki, a ce ki matse. Shi ya nuna matsalar a tsoka take, ba a jijiyar da ke ba ta umarni ba, abin da ya raba ta da shan inna da dangoginsa. A ɓangaren dama aka yi, don haka da aka zo yankar ɗan naman da za a duba sai aka ɗauka a cinyar hagu, domin sawun allura kansa yana barin kumburin da zai ruɗi mai dubawa. Allurar kashe zafi, ɗan yanka, ɗinki, na kwana a gida. Rahoton ya ce ƙwayoyin garkuwa sun taru a kewayen jijiyoyin jini, kuma zaruruwan tsokar da ke gefen kowane dami sun sirance. Sirancewar gefen damin nan ita ce shaidar damatomayosaitis a ƙarƙashin madubin likita. Da ita sharuɗɗa 5 na gane ciwon, waɗanda likitoci biyu, Bohan da Peter, suka tsara a 1975, suka cika a kaina.

Na tambaya ko an ga bairos a naman. Ta ce ba a nema ba, kuma waɗanda suka nema da kayan aikin da suka fi namu ba su samu ba. Wannan ya jefa ni karatu da daddare, tunda magani ya riga ya kore mini barci. Shekaru da dama babban wanda ake zargi shi ne Koksaki nau'in B, daga dangin bairos ɗin hanji da suka ci sunan wani ƙaramin gari a jihar Niyok ta Amurka, inda aka fara gano su a 1948. Zargin yana da tushe. In aka sa wa jariran ɓeraye shi tsokarsu takan kumbura, a wasu ma kumburin yakan ci gaba bayan bairos mai rai ya ɓace, kuma a shekarun 1980 an samu yara masu wannan ciwo da antibodin Koksaki fiye da sa'o'insu. Amma a 1992 masu bincike a Amurka suka bi naman tsokar marasa lafiya da gwajin PCR, wanda korona ta sa kowa ya san sunansa, suna neman sawun Koksaki da wasu bairos, suka tashi hannu wayam.

Abin da ya fi kama hankalina intaferon ne, wanda nake koya wa ɗalibai a layi biyu in wuce. Furotin ne da ƙwayar halitta take fitarwa in bairos ya shige ta, don ta faɗakar da maƙwabtanta; a Landan aka gano shi a 1957. A tsoka da fata da jinin mai damatomayosaitis, ƙwayoyin gadon da intaferon yake kunnawa a kunne suke sosai, har ana amfani da ɗaya daga cikin furotin ɗinsu, MxA, a matsayin shaidar ciwon a naman da aka yanka. MxA kuwa aikinsa na asali shi ne tare hanyar bairos irin su infuluwenza. Ga jiki ya ɗaura ɗamarar yaƙin bairos, ga shi an duba ba bairos.

Sannan ga MDA5. Furotin ne a cikin ƙwayoyinmu wanda aikinsa shinshino wasu bairos, ciki har da dangin Koksaki da korona, ya ba da umarni a saki intaferon. Akwai nau'in damatomayosaitis da antibodin mara lafiyar shi wannan furotin yake kamawa. Likitocin Japan ne suka fara siffanta antibodin a 2005. Nau'in bai cika raunana tsoka ba, amma yana iya cinye huhu cikin makonni, kuma hoton huhun yana kama da na mai korona mai tsanani. Daga baya ma, a 2024, likitoci a Yokshaya ta Ingila suka wallafa cewa masu wannan antibodi sun ƙaru sosai a yankinsu a 2021, lokacin da korona ta game gari.

Don haka da aka aika jinina waje ta hannun wani ɗakin gwaji mai zaman kansa don a gano wane antibodi nake da shi, MDA5 nake tsoro saboda huhu, kuma shi ne wanda zai ba ni labarin da ya ɗaure daga farko har ƙarshe. Gwajin ya ci kuɗi, sai da yayana ya sa hannu, sakamakon kuma ya yi makonni. Wani antibodin daban aka samu, Mi-2.

Ranar na fara ganin murmushin likitar. Mi-2 yana zuwa da ƙurajen fata sosai da hawan CK, amma ba kasafai yake taɓa huhu ba, kuma yana jin magani. Abin da bincike ya fi danganta shi da shi kuwa rana ce, ba bairos ba. Wani bincike na 2003 da ya haɗa cibiyoyi a ƙasashe da dama ya nuna cewa inda hasken rana mai ƙuna ya fi ƙarfi, nan ne kason damatomayosaitis da na Mi-2 ya fi yawa cikin masu kumburin tsoka. Ni kuwa shekara da shekaru ina tsaye a filin taron ɗalibai da na wasanni cikin ranar Kano. Ga kuma gado: akwai nau'o'in ƙwayoyin HLA, masu nuna wa garkuwa abin da za ta kama, da ke sa wani ya fi wani saurin kamuwa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gidanmu duka muka yi murar nan, ni kaɗai ta bari a ƙasa.

Inda na tsaya shi ne, alaƙar gaskiya ce, ta fi ƙarfi a HIV da HTLV-1, kuma hujjojinta suna taruwa a nau'in MDA5. Amma babu gwajin da zai ɗauki mutum ɗaya ya ce masa murar wata kaza ce ta kunna maka. Ko da ma ita ce, ta riga ta tafi. Wannan nake so masu ciwo irin nawa su riƙe, don na ga waɗanda suka ƙarar da kuɗinsu kan allurai da kafso suna neman kashe ƙwayar cutar da ba ta nan, tsoka kuwa tana ta zubewa.

Ba a jira sakamakon antibodi ba kafin a fara magani. Ana yankar naman aka ɗora ni kan firednisolon, miligiram 1 ga kowane kilo na nauyina, wato 60 a rana, ƙwaya 12 'yan miligiram 5, da safe bayan karin kumallo. Aka haɗa da metotirekset, wanda sau ɗaya tak ake sha a mako. Likitar ta sa na maimaita wannan a gabanta, ta sa maigidana ya maimaita, domin an rasa rayuka saboda shan sa kullum bisa kuskure. Na zaɓi Juma'a, ranar da ba ta shige wa mutum. Folik asid a wata ranar daban, kalsiyam da bitamin D saboda ƙashi, gwajin jini da na hanta a kai a kai. Ta ja mini kunne kan Septrin, wanda ake saya a kowane kemis don tari ko gudawa: haɗuwarsa da metotirekset tana iya sa ɓargo ya daina ƙera jini. Ta kuma ce ba zancen ciki muddin ina shan sa, don yana lalata ɗan tayi. Wannan maganar ta fi ta HIV wuyar yi a mota.

Akwai kuma binciken sankara, domin a manya ciwon yana zuwa wani lokaci tare da wadda ke ɓoye, musamman a shekaru 3 na farko. Hoton mama, hoton ciki da mara, awon bakin mahaifa. Ba a ga komai ba, ana dai maimaitawa.

Dangi sun yi abin da dangi suke yi. Surukata, Allah ya saka mata, ta ce mace lafiyayya ba ta zubewa haka kawai, jifa ne. Ta aiko da rubutu da tofi, na sha na shafa, ba su hana ni ƙwayoyina ba. Wanda likitar ta hana shi ne abin da 'yan boko suka kawo, kwalabe masu tsada na ƙara ƙarfin garkuwar jiki. Kowa ya ji an ce ciwon garkuwa ne sai ya ɗauka rauni ta yi. Na gaji da bayanin cewa tawa ƙarfi ne ya yi mata yawa a inda bai kamata ba. An ma samu rahotannin waɗanda ciwon ya tasar musu bayan shan irin waɗannan, musamman masu sifirulina, wani irin gansakukan ruwa, a ciki.

Firednisolon ya yi aikinsa, ya kuma karɓi ladansa. Fuska ta cika, ci ya buɗe, sukari ya fara hawa sai da na rabu da lemon kwalba. Masu zuwa dubiya suna cewa, "Masha Allah, kin murmure, har kin yi ƙiba," alhali sai an kama ni nake tashi daga kujera. CK ne ya fara sauka, ƙarfi ya biyo baya da watanni. Haɗiya ta gyaru kafin cinyoyi; kafin nan kunu mai kauri da fate sun fi ruwa zalla sauƙin wucewa. Salla a zaune na yi ta, kamar yadda aka sauƙaƙa wa mara lafiya. A sashen gashin ƙashi aka fara da ɗaga ƙafa a kwance, sannan tashi daga doguwar kujera, ana rage tsayinta sannu a hankali. Da can hutu ake ba masu wannan ciwo don tsoron motsi zai ƙara kumburi, sai binciken da aka yi a Suwidin tun ƙarshen shekarun 1990 ya nuna motsa jiki bisa tsari ba ya ƙara shi, taimakawa ma yake yi. Shi kansa firednisolon in ya daɗe yana cin tsokar cinya, shi ya sa ake rage shi da zarar an samu dama, amma ba a yanke shi rana ɗaya, saboda jiki ya rage ƙera nasa. Waɗanda wannan bai riƙe su ba ana kai su ga ƙarin antibodin masu lafiya ta jijiya, wanda Amurka ta amince da shi don wannan ciwo a 2021, ko ga sababbin ƙwayoyin da ke toshe saƙon intaferon. Kuɗinsu ba na albashin malami ba ne.

Yanzu na koma aji, ina kan ɗan ƙaramin awo na firednisolon da metotirekset na Juma'a, da man kare rana da lema a filin taro, abin da ɗalibai suka yi wa dariya na ɗan lokaci suka manta. Bairos kuwa yana nan cikin lissafina, sai dai ta ɗaya ɓangaren, tunda mai dannanniyar garkuwa ce ke yini cikin ɗaruruwan yara. In zazzaɓi ya kama ni, an ce in dakatar da metotirekset in nemi asibiti, amma kada in bar firednisolon. In ƙarambau ko ƙyanda ta ɓulla a makaranta, in sanar a ranar, kada in jira ƙurji. In na ji raɗaɗi a ɓangare ɗaya na jiki da ƙuraje masu ruwa a jere, bairos ɗin ƙarambau na yarinta ne ya farka, kuma maganinsa ya fi aiki in an fara cikin kwana 3. Rigakafin da ba shi da ƙwaya mai rai, irin na korona da na ciwon hanta B da na sanƙarau, an ce in yi. Mai rai kuwa, irin na zazzaɓin shawara da na ƙyanda, sai da izininta.

Wannan na ƙarshen ya taso da muka fara shirin Umara, tunda Saudiyya tana neman shaidar rigakafin zazzaɓin shawara da sanƙarau da shan inna daga matafiyan Najeriya. Tun 2016 dokar lafiya ta duniya ta ce allurar shawara ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, don haka tsohon katina mai ruwan ɗorawa, wanda aka yi mini shekaru kafin ciwon, shi ya yi aiki. Ta sanƙarau aka sake mini, na shan inna kuma na allura aka ba ni maimakon ɗigon baki, don na bakin mai rai ne.